Shafin da Bai San Inda Ya Samo Rubutunsa Ba

Asalin lamarin

Dungeons & Dragons wasa ne da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974. Wannan nazari a kan wani shafin intanet ne da wasu masu wasan suka haɗa don tara dokokinsa. Ga wanda bai taɓa ganin ana yin wasan ba: mutum huɗu ko biyar ke zama a tebur, ɗaya ya riƙe labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da jaruminsa zai aikata. Inda ya rabu da tatsuniyar dandali shi ne masu sauraro ma suna da ta cewa, kuma in jarumi ya kai wa dodo sara ko ya yi yunƙurin tsallake rami, mai labari ba ya yanke hukunci da son ransa, sai an jefa ɗan lido. Ɗan lidon ma kala-kala ne, akwai mai fuska 4, 6, 8, 10, 12, da ogansu mai fuska 20.

Dokokin kuwa ba a magana. Kowane sihiri da nisan da yake kaiwa, kowane dodo da ƙarfinsa, kowane makami da ɓarnar da yake yi, duk suna cikin manyan littattafai uku masu tsada. Wani lokaci ana tsakiyar yaƙi sai wasa ya tsaya cak ana ta buɗe-buɗen littafi.

A shekarar 2000 kamfanin Wizards of the Coast, wanda wasan ya koma hannunsa a 1997, ya fito da wani lasisi mai suna Open Game License, OGL a taƙaice, tare da wani kundin dokoki da ake kira System Reference Document, wato SRD. Yarjejeniyar a fili take. Duk abin da ke cikin SRD kowa na iya kwafa, ya wallafa, har ya sayar, muddin ya liƙa lasisin a jikin aikinsa, ya kuma jera a sashe na 15 sunayen duk waɗanda ya ɗebo daga wurinsu. Abin da ba a sa cikin SRD ba yana nan a hannun masu shi. A kan wannan lasisi kamfanin Paizo ya gina wasan Pathfinder a 2009. Bugu na biyar na Dungeons & Dragons ya fito a 2014, SRD ɗinsa ya biyo baya a Janairun 2016.

Wanda wannan nazari ya shafa wani magidanci ne a wani gari na arewacin Ingila, mai riƙe labari ga 'yan wasa shida da ke haɗuwa duk daren Alhamis a ɗakin baya na wani shagon sayar da kayan wasanni. Zan riƙa kiransa mai shafin. Buƙatarsa tun farko ƙarama ce: in an yi tambaya a tebur, a samu amsa a waya kafin shayi ya huce.

2016 zuwa 2017: guga ɗaya, rijiya ɗaya

SRD na bugu na biyar, bayan gyaran da aka yi masa a 2016 ya zama 5.1, fayil ne mai shafi 403. A kwamfuta ba laifi, a waya kuwa azaba ce. Mai shafin ya fara da kwafe sassan da suka fi amfani ya zuba a takarda guda ta intanet wadda duk su bakwai ke iya buɗewa. Takardar ta yi ta ƙiba har ta koma sai an jira ta kafin ta buɗe, sannan wata rana wani ya goge rabin jerin makamai da babban yatsansa bai sani ba. Aka bar ta.

Daga nan ya koma ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ba da wurin kafa wiki kyauta, wato shafin da mutane da yawa ke iya rubutawa da gyarawa, su kuma su cika gefen shafi da talla. Kowane sihiri ya samu shafinsa, kuma sihirin da ke cikin SRD sun haura 300, dodanni ma haka. Ya kwashe fiye da shekara yana wannan aiki da daddare bayan yara sun yi barci. Abin ya yi. Tambayar da a da ke cin minti biyar ta koma ta daƙiƙa kaɗan.

A wannan lokaci bai rubuta wata ƙa'ida kan inda za a ɗauko rubutu ba, kuma babu shafin da ke faɗin asalinsa. Shi kaɗai ke rubutu, daga kundi ɗaya yake kwafa. Lasisin yana liƙe a shafi guda, an sa masa mahaɗi a ƙasan kowane shafi.

2018 zuwa 2019: an buɗe ƙofa

Sauran teburan shagon suka ji labari, suka fara amfani da shafin, daga baya suka nemi a ba su damar gyara. Ya ba duk wanda ya tambaya.

Nan giɓin SRD ya bayyana. Kamfanin da gangan ya rage abin da ya saki. Rukunin jarumai 12, irin su mayaƙi da matsafi, duk suna ciki, amma kowane rukuni reshe ɗaya tak aka ba shi, alhali a littafin sayarwa akwai rukunin da ke da reshe takwas. Asalin jarumi, wato rayuwar da ya yi kafin labarin ya fara, ɗaya aka saki, baiwa ta musamman ma ɗaya. Ɗan wasan da jaruminsa ke kan reshen da babu a shafi ba ya tsayawa tambaya, littafinsa zai buɗe ya kwafe kalma da kalma, yana ganin taimako ya yi. Akwai kuma masu "gyara" sunaye. A SRD an cire sunayen matsafan labarin daga jikin sihiri, shi ya sa Bigby's Hand ya koma Arcane Hand, Melf's Acid Arrow ya koma Acid Arrow. Wani bawan Allah ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya mayar da sunayen littafi, har ya bar saƙo cewa ya tarar da kurakurai da yawa. Wani kuma ya buɗe wa beholder shafi, dodon nan mai ido barkatai, wanda yana cikin jerin abubuwan da kamfanin ya ambata ƙarara cewa nasa ne, ba ya cikin abin da ya saki.

Sai dokokin gida. Kowane tebur yana da 'yan sauye-sauyen da ya yi wa wasan don jin daɗinsa, kuma mutane suka riƙa shigar da nasu cikin shafukan dokokin asali ba tare da wata alama ba.

Ranar da abin ya fito fili, ana tsakiyar faɗa ne, wata 'yar wasa ta ce matsafinta zai jefa ƙwallon wuta, sihirin da ake kira Fireball. Ta duba waya, ta fara tara 'ya'yan lido.

"Goma zan jefa," in ji ta.

"Goma daga ina? Takwas ne," in ji na kusa da ita.

"Ga shi nan a shafinmu."

"To ga shi nan a littafi."

Littafi ne da gaskiya. Sihirin na mataki na 3 ne, yana kaiwa nisan ƙafa 150, yana cin da'ira mai ƙafa 20 daga tsakiya, ɓarnarsa ɗan lido mai fuska 6 guda 8, ana ƙara ɗaya a kan kowane matakin da aka ɗaga shi. Mai shafin ya buɗe tarihin gyara a nan take. Wani ɗan wani tebur ne ya sauya lambar watanni da suka wuce. Ba ƙeta ya yi ba. Matsafinsa ya saba jefa sihirin a mataki na 5, inda lissafin ke kaiwa goma daidai, sai ya ga takwas a shafi ya ɗauka kuskure ne. An mayar da lambar a daren, aka yi dariya, wasa ya ci gaba. Amma daga ranar 'yan teburin suka koma zuwa da littattafansu.

2020: kulle da wasiƙa

A ranar 23 ga Maris 2020 gwamnatin Birtaniya ta sanar da kulle saboda korona, shagon ya rufe. Wasa ya koma intanet, ta manhajar hira ta Discord da dandalin wasa na Roll20, kuma shafin ya samu baƙi irin waɗanda bai taɓa gani ba, mutanen da ba su san shagon ba, ba su san mai shafin ba. Masu gyara suka ƙaru, wasu suka fara zuba dodanni da sihiri daga littattafan ƙananan mawallafa, waɗanda su ma a ƙarƙashin OGL suke fitar da aikinsu.

A ƙarshen shekarar wasiƙa ta zo daga ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan mawallafa. Babu zagi a ciki, babu barazana. Ya ce lissafin dodanninsa a buɗe yake, kowa ya ɗauka, amma sunayen garuruwa da tarihin duniyar da ya ƙirƙira ya keɓe su tun a shafin farko na littafinsa, kuma sashe na 7 na lasisin ya hana taɓa irin wannan. Ya ƙara da cewa sunansa ba ya cikin sashe na 15 na shafin. Sannan ya tuna masa sashe na 13: wanda ya saɓa sharaɗi bai gyara ba cikin kwana 30 daga ranar da ya sani, lasisinsa ya faɗi.

Cire shafukan mawallafin bai ɗauki mako guda ba, tunda shi da kansa ya jero su. Abin da ya hana mai shafin barci shi ne tambayar da wata ma'aikaciyar ɗakin karatu, wadda ta shigo cikin masu gyara lokacin kulle, ta yi masa: "Saura na wa ke ciki?" Ba shi da amsa. Babu mai ita.

Farkon 2021: abubuwa uku da ba su yi ba

Da farko an rubuta sanarwa a ƙasan kowane shafi, cewa aikin masoya ne, ba a neman kuɗi da shi, ba a kuma nufin take haƙƙin kowa. Ma'aikaciyar ɗakin karatun ta ce wannan kamar mutum ya ɗauki akuyar maƙwabci ne ya rataya mata allo cewa ba da mugun nufi ba. Rubutun da aka kwafa yana nan inda yake.

Sai wani daga cikin masu gyara ya kawo hujjar doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976, a sashe na 102(b), ta ce ba a mallakar tsari ko hanyar yin abu, don haka a ganinsa dokokin wasa na kowa ne. An yi makonni ana ja-in-ja a kai. Matsalar ita ce ko an yarda da shi, dokar ta bar kariya a kan lafazin da marubuci ya zaɓa, shafukan kuwa lafazin aka kwafe har da waƙafi. Ba kuma wanda ke da kuɗin lauya da zai gwada hujjar a kotu.

Na uku, mai shafin ya rufe gyara, ya zama sai shi da mutum biyu. Sabon kwafe ya tsaya. Gyaran kuskure ma ya tsaya, don saƙonni suka taru a akwatinsa bai iya bi ba, tsofaffin shafukan da ake shakka a kansu kuma ba wanda ya taɓa su. Cikin wata biyu masu gyaran da suka fi ƙwazo suka daina leƙowa.

Tsakiyar 2021 zuwa 2022: sake gini

Ni a nan na shigo, ina karatu a garin, aka ba ni aikin gwada shafi da kundi. Shawarar ma'aikaciyar ɗakin karatun aka bi, kuma daga sana'arta ta ɗauko ta: littafi ba ya hawa kanta sai an rubuta masa kati.

Aka yi karo-karo aka kama hayar wuri, aka kafa MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke tafiya a kanta, wadda duk wanda ya taɓa gyara Wikipedia ta Hausa ya san fuskarta. Aka ƙara mata abubuwa uku. Page Forms ya sa mai rubutu ba ya tarar da farin shafi, fom yake tararwa mai gurabe: suna, mataki, nisa, ɓarna. Cargo yana kwashe abin da aka cika a guraben ya ajiye shi kamar jadawali, ta yadda za a iya tambayar shafin ya jero, misali, duk sihirin mataki na 3. Approved Revs kuma ya sa baƙo na ganin sigar da aka tantance ne kawai, ko da wani ya yi gyara a bayanta.

A saman kowane fom aka sa gurabe uku da ba a tsallakewa: daga wane kundi, shafi na nawa, ƙarƙashin wane lasisi. In ba a cika su ba, fom ba ya karɓa. Aka kuma raba gidan ɗaki uku, na SRD, na sauran mawallafa, da na dokokin gida, kowanne da launinsa a kan shafi. Da haka aka sake buɗe ƙofa ga kowa.

Wahalar tana wajen kwaso tsofaffin shafuka. Ba a yarda a kwaso su a dunƙule ba. Kowane shafi sai mutum ya buɗe SRD a gefe guda, shafin a ɗaya gefen, ya bi layi-layi. Na tuna daren da na yi a kan goblin, wani ƙaramin dodo: kariyarsa 15, makin ransa 7, duk daidai, amma a ƙasa akwai sakin layi biyu masu daɗin karatu kan yadda suke zama a kogo da yadda suke tsoron shugabansu. SRD ba shi da wannan, lissafi kawai ya bayar. Ko daga littafin dodanni aka kwafo, ko wani ne ya zauna ya rubuta da kansa, tarihin gyara bai nuna ba, wanda ya sa shi kuma ya daɗe da ɓacewa. Ƙa'idar ita ce abin da ba a san asalinsa ba ba ya ƙetarawa. Na goge shi, raina bai so ba.

Aikin ya ci fiye da shekara. Shafukan da suka ƙetare ba su kai waɗanda aka bari ba. Wasu tsofaffin masu gyara suka yi fushi, musamman waɗanda rubutun kansu ya salwanta tare da na kwafe, biyu daga cikin 'yan teburin farko ma suka janye hannunsu. Mai shafin ya rufe tsohon wikin a ƙarshen 2022.

Janairu 2023

A ranar 5 ga Janairu 2023 kafar Gizmodo ta wallafa labarin wani daftari da ya fita daga Wizards of the Coast, OGL 1.1. Daftarin ya ce tsohon lasisin, 1.0a, ya daina zama halastacce, ya kuma sa kashi 25 cikin 100 a kan kuɗin shigar da ya haura dala 750,000 a shekara. Maganar kuɗin ba ta shafi shafin ba, tunda ko kwabo ba ya samu. Maganar soke lasisin ce ta shafe shi, don a kansa komai ya tsaya. Lasisin 2000 ya ce na har abada ne, amma bai ce ba a iya janye shi ba, kuma a wannan 'yar tazara aka yi ta gardama. Ryan Dancey, wanda ya jagoranci fito da lasisin tun farko, ya fito ya ce ba a yi shi don a soke ba.

A daren da labarin ya iso, ma'aikaciyar ɗakin karatun ta tambayi Cargo ya jero shafuka bisa lasisi. Kafin a tashi hira an san waɗanne ne na SRD, waɗanne ne na wasu mawallafa da sunan kowannensu, waɗanne ne na gida da ba ruwansu da rikicin. Aka sauke kwafin komai aka ajiye, aka dakatar da sabbin shafuka a ɗaki biyu, aka bar na dokokin gida a buɗe, aka zauna jira.

A ranar 12 ga wata Paizo ya sanar da cewa zai fito da nasa lasisin, ORC. A ranar 19 Wizards ya fitar da wani daftarin, 1.2, ya nemi jin ra'ayin jama'a. Mutum sama da 15,000 suka amsa, kashi 89 cikin 100 suka ce ba su yarda da soke 1.0a ba. A ranar 27 ga Janairu kamfanin ya janye, ya bar 1.0a yadda yake, ya kuma saki SRD 5.1 gaba ɗaya a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, CC BY 4.0, wanda ba a janyewa, sharaɗinsa kawai a ambaci mai aikin.

Mayar da ɗakin SRD kan sabon lasisin gyara ɗaya ya ci, a samfurin da duk shafukan ke jawo bayanin lasisi daga gare shi. Ɗakin sauran mawallafa ya zauna a kan OGL, domin ba mai ikon sauya wa aikin wani lasisi sai mai shi.

2024 zuwa 2025

Sabbin littattafan dokoki suka fara fitowa a Satumban 2024, SRD 5.2 ya biyo baya a ranar 22 ga Afrilu 2025, shi ma a ƙarƙashin CC BY 4.0. Yanzu doka ɗaya tana da fuska biyu, kuma teburan shagon sun rabu, wasu na kan tsohuwa wasu na kan sabuwa. Goblin ɗin da na yi dare a kansa, mai makin rai 7, a sabon kundin, inda ake kiransa mayaƙin goblin, 10 gare shi. Da a tsohon wikin ne, da an yi ta sauya lambar nan ana mayarwa har gobe. Gurbin "daga wane kundi" ya riga ya raba gardamar: aka ƙara 5.2 a cikin zaɓi, kowane shafi ya samu ɗan maɓallin da ke kai mutum ga takwaransa.

Hukunci

A ganina cutar ɗaya ce tun daga ƙwallon wuta har zuwa wasiƙar 2020, wato shafi ba ya iya faɗin inda kalmominsa suka fito. Ta kwanta ne tun 2016, lokacin da babu buƙatar tambaya, shi ya sa ban ga laifin mai shafin a kan farkon ba. Inda ya yi sake shi ne ranar da ya ba mutum na biyu damar gyara. Daren Fireball ma gargaɗi ne, aka ɗauke shi kuskuren lamba.

Sanarwa da hujjar doka ba su taɓa ko shafi ɗaya ba. Rufe ƙofa ya ɗauka mutane ne matsalar, alhali kusan duk wanda ya ɓata wani abu da niyyar gyara ya zo. Fom ɗin ya yi aiki ne saboda lokacin da yake yin tambayarsa, wato sa'ad da littafi ke buɗe a gaban mai rubutu, amsar ba ta cin sa komai. Wanda ya zo cika gurbin lasisi ya ga littafinsa ba ya cikin zaɓi, ya gane da kansa ba sai an yi masa wa'azi ba. Tambayar nan in an bari sai bayan shekara uku, aikin dare guda ce a kan goblin ɗaya.

Ban yarda da yadda aka yi sharar ba. Da an buɗe ɗakin dokokin gida tun kafin a fara gogewa, aka ba mutane wata guda kowa ya zo ya nuna nasa, da rubutu mai kyau da yawa ya tsira, da wataƙila mutum biyun nan suna nan. Kuma kada a ba tsarin yabon da ba nasa ba. Abin da ya faru ranar 27 ga Janairu dubban mutane ne suka jawo shi da ƙorafinsu. Da kamfanin ya dage, iyakar abin da jadawalin zai yi shi ne ya nuna waɗanne shafuka za a sauke.

Akwai kuma abin da har yanzu ba a magance ba. Jerin gyare-gyaren da ke jiran tantancewa kan kai makonni in masu dubawa sun shiga hidimar gabansu, kuma jadawalin Cargo ma'aikaciyar ɗakin karatun ce kaɗai ta san cikinsa da wajensa. Mai shafin ya roƙe ta tun bara ta rubuta yadda aka haɗa shi. Ta buɗe shafin bayanin, ta sa masa kanu huɗu, biyu daga ciki har yanzu babu komai a ƙarƙashinsu.